Filin Tambaya da Amsa: Inda Manyan Kantunan Legas Ke Kafa Rassa, da Abin da Ke Riƙe Su a Wurin

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun karkata ga batu guda, wato manyan kantunan kayan masarufi masu rassa da yawa, waɗanda ke ta yaɗuwa a unguwannin Legas da garuruwan da ke maƙwabtaka da ita. Mun zaɓi guda biyar daga cikinsu, mun taƙaita su ba tare da mun taɓa ma'anarsu ba, kuma mun sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya ta farko, daga wata uwargida a Agege:

“Malam, shekarata 14 da aure a Agege, asalina kuwa 'yar Funtuwa ce. Na lura kantin Justrite yana da rassa a Abule Egba da Iyana Ipaja da Dopemu, har can Ikorodu, amma duk a bakin manyan tituna suke, ban ga wanda ya shigo cikin lungunanmu inda jama'a suka fi yawa ba. Kuma duk zuwan da nake yi gida ban taɓa cin karo da reshensa a Kaduna ko Kano ba, alhali mutanenmu ne ke ciyar da Legas da tumatir da albasa da nama. Maigidana ya ce raini ne kawai, suna ganin Bahaushe ba ya sayayya a kanti. Ina gaskiyar maganar take?”

Amsa: Hajiya, a gaishe da maigida, kuma a gaya masa cewa ban ga laifinsa ba da ya yi wannan zato, domin wanda ya daɗe a Kurmi ya ga abubuwan da za su sa shi saurin zargin raini. Sai dai a wannan batu abin da ke tsara inda reshe zai zauna ya fi kusa da lissafin motar dakon kaya da kuɗin haya fiye da abin da ke zuciyar mai kantin.

Ki duba inda kantin da kika ambata ya faro. Justrite ya soma ne a shekarar 2000 a garin Ota da ke Jihar Ogun, wanda ke bakin iyakar Legas a kan titin da ya tafi Abeokuta. In kika jera sunayen da kika lissafa, wato Abule Egba da Iyana Ipaja da Dopemu, za ki ga duk a kan wannan titi ko kusa da shi suke, a jere kamar 'ya'yan carbi a zare guda. Daga nan ne ya miƙa zuwa Ikorodu da Abeokuta da Osogbo, duk cikin yankin kudu maso yamma. Dalili shi ne kanti mai rassa ba ya barin kowane reshe ya je kasuwa ya yi sarinsa. Ana yin sari sau ɗaya da yawa daga masana'anta ko babban dila, a tara a sito guda, sa'an nan motoci su riƙa rarraba wa rassa. Ribar irin wannan kasuwanci ƙanƙanuwa ce a kan kowane kaya, ba ta taruwa sai da yawan ciniki, saboda haka reshen da mota za ta kai wa kaya ta dawo a yini guda shi ne mai sauƙin riƙewa. Daga Legas zuwa Kano kuwa tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce, ga shingaye, ga lalacewar hanya, ga tsadar man gas. Wanda zai buɗe reshe a can sai ya kafa sabon sito, ya ɗauki sababbin manajoji, ya nemi sababbin diloli, kuma reshe ɗaya ko biyu ba za su iya ɗaukar wannan ɗawainiya ba, sai ya buɗe da dama a lokaci guda.

Akwai kuma batun inda kayan da kansu suke fitowa. Gaskiya ne kayan gwari da dabbobi da hatsi daga arewa suke gangarowa, amma yawancin abin da ke kan kantar babban kanti kayan gwangwani ne da na kwali da na leda: madara, sabulu, taliya, man girki, lemon kwalba, kayan jarirai. Masana'antun da ke yin su da yawa suna Ikeja da Agbara da Ota, waɗanda ake shigowa da su daga waje kuma ta tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can suke sauka, sai tashar Lekki da ta fara aiki a 2023. Kantin da ke zaune a wannan yanki yana gindin rijiya ne.

Wannan hali na maƙalewa a yankin da aka faro ba na Justrite kaɗai ba ne. Kantin FoodCo ya faro a Ibadan tun 1982, kuma can ne ƙarfinsa yake. Market Square, wanda cibiyarsa ke Fatakwal, ya fi yawa a jihohin kudu maso kudu da kudu maso gabas. Kantin Sahad da mutanen Kano da Abuja suka sani, shi ma a arewa ya kafu, kuma babu mai cewa ya raina Yarabawa don bai cika titunan Legas da rassa ba. Wanda ya yi ƙoƙarin game ƙasar gaba ɗaya shi ne Shoprite na Afirka ta Kudu. Ya buɗe reshensa na farko a rukunin kantuna na The Palms da ke Lekki a Disambar 2005, ya buɗe na Ikeja a 2011, ya isa Kano a 2014 cikin rukunin kantuna na Ado Bayero. Amma a 2021 uwar kamfanin ta sayar da harkarta ta Najeriya ga wasu masu zuba jari na cikin gida, reshen Kano kuma aka rufe shi a Janairun 2024. Masu ƙananan kamfanoni na yanki sun ga wannan da idonsu, kuma gani ya kori ji.

Saura batun bakin titi da lungu. Babban reshe yana buƙatar fili mai takardu tsabtatattu, da wurin da babbar mota za ta juya ta sauke kaya, da wurin ajiye motocin masu sayayya, da inda za a girka janareto. Lungunan Agege da kika sani, inda wani lokaci ko keke-napep biyu ba sa iya gilma wa juna, ba su da wannan. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne yadda mutumin Legas yake sayayya. Ma'aikaci ya fita tun asuba, ya sha cunkoson motoci, ya sauko daga bas da magariba a tashar da ke bakin titi, a nan ne zai tsaya ya sayi burodi da madarar safe kafin ya shige unguwa. Reshen da ke bakin babban titi yana kama mutanen unguwanni goma da suke sauka a wuri ɗaya, na cikin lungu kuwa unguwa ɗaya ce tasa. Ƙaramar hukumar Alimosho, wadda Iyana Ipaja ke cikinta, ita ce ta fi kowace yawan jama'a a jihar, a ƙidayar 2006 ma ta haura mutum miliyan 1.2, kuma akasarin mutanenta ta 'yan manyan tituna ƙalilan suke shiga suna fita.

Duk da haka, akwai wata gaskiya a maganar maigida da bai kamata in tsallake ta ba. Masu kantunan nan suna ƙidaya cinikin da suke iya gani ne, sayayyar gidan Bahaushe kuwa ba ta bayyana a irin lissafinsu. Magidancinmu yakan je kasuwar Mile 12 ko ta Ile-Epo ya ɗauko buhun shinkafa da kwandon tumatir daga hannun ɗan garinsu, ya yanki nama a mayankar Oko-Oba, ya taya a ce albarka, ya ƙara a sallama, a yi masa gyara, wani lokaci ma ya tafi da kaya ya biya bayan mako biyu. Kuɗi masu yawa ne ke juyawa a nan, sai dai ba sa bi ta kan na'urar kowa. Mai babban kanti da ya dubi unguwar zai ga kasuwa da ta riga ta kafu da amana da bashi, wadda kantarsa mai farashi ɗaya ba za ta iya ture ta ba, sai ya matsa gaba. Ni a ganina wannan tsoron gasa ne, ba raini ba. Ƙananan rassa irin na Bokku, da suka fara a 2022 kuma suka haura ɗari cikin 'yan shekaru, su ne suka soma kutsawa cikin unguwanni, domin ɗan ƙaramin shago ya ishe su, kayan da suke ajiyewa kuma ba su da yawan iri.

Tambaya ta biyu, daga wani ɗalibi mai karatun kasuwanci, mazaunin Idi-Araba:

“Malam, akwai wani reshen babban kanti kusa da mu da kullum yake cike da jama'a har layi na kaiwa baya, amma rana ɗaya muka wayi gari an rufe shi. Akwai wani kuma a Ikeja da duk sanda na shiga ba na ganin mutane sosai, ga shi yana nan shekara da shekaru. Da me suke auna reshen da ke tafiya daidai?”

Amsa: Ɗan'uwa, Hausawa sun riga sun ba ka rabin amsar da suka ce ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Yawan ƙafar da ke shiga kanti ma'auni ɗaya ne kawai, kuma shi ne mafi saurin ruɗar mai kallo daga waje. Manajan reshe yana duba mutum nawa suka shiga, nawa ne daga cikinsu suka kai ga biyan kuɗi, nawa kowannensu ya kashe a zuwa ɗaya, sau nawa yake dawowa a wata, sa'an nan wane irin kaya ya ɗauka, domin ba kowane kaya ne yake barin riba ɗaya ba.

Bari in ba ka misali na lissafi kawai, ba na wani kanti takamaimai ba. A ɗauka reshe na farko mutum 1,000 ke biya a rana, kowanne yana kashe naira 2,000, cinikin yini ya zama naira miliyan 2. Reshe na biyu mutum 300 ne kacal, amma kowanne yana kashe naira 15,000, cinikinsa ya kai naira miliyan 4.5. Na farkon zai fi hayaniya, zai buƙaci ƙarin masu karɓar kuɗi da masu gadi, firjinsa zai fi shan buɗewa da rufewa, ga shi bai kai rabin na biyun ba. In kuma aka yi rashin sa'a yawancin cinikinsa burodi ne da shinkafa da man girki, waɗanda kowa ya san farashinsu kuma ba a iya ɗora musu riba mai kauri, to sai ka ga ana ta aiki ba a ganin abin da ya rage. Kayan shafa da na tsabtace gida da na jarirai da abin da kantin ya toya ko ya dafa da kansa, a nan ne aka fi samun sarari.

Wata Asabar ta ƙarshen wata na tsaya a layin biya a wani reshe da ke kan titin Abeokuta, na zuba ido a kan abin da ke hannun mutane. Wadda ke gabana burodi ɗaya ne da ƙaramar ledar madara, kuɗin a dunƙule a tafin hannunta tun kafin ta iso wurin biya. Bayana wasu samari uku ne da suka daɗe suna zagayawa cikin sanyin na'ura, suka fito da lemo kwalba ɗaya. A ɗaya layin kuwa wani dattijo ne da matarsa suka turo amalanken kanti shaƙe da katan-katan, mai karɓar kuɗi ta daɗe tana wuce kayansu ta gaban na'ura, rasit ɗinsu ya fito da tsawo har yana lanƙwasa. Cinikin wannan dattijo shi kaɗai ya fi na dukkan waɗanda ke layinmu, amma ni da na san harkar ban raina mai burodin ba, domin mai yiwuwa ita gobe ma za ta dawo, jibi ma haka, shi kuwa sai wani watan. Reshe mai lafiya yana buƙatar su duka biyun, ita tana riƙe masa cinikin yau da kullum, shi yana kawo masa ribar wata.

Sai ɓangaren abin da reshe ke kashewa, wanda mai sayayya ba ya gani. Haya a Legas ta shekara ake biya gaba ɗaya, kuma a manyan rukunan kantuna an daɗe ana ƙulla ta da dala, saboda haka da aka saki darajar naira a Yunin 2023, hayar wasu ta yi tsalle ba tare da sun ƙara ko taku ɗaya na fili ba. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar lantarki na rukunin Band A, masu samun wuta mafi yawan sa'o'i a rana, zuwa naira 225 a kan kowane yunit, wato ya ninka fiye da sau uku, kanti kuwa ba shi da damar kashe firjin nama da kifi ko da dare. Ƙara da kayan da ke lalacewa, da waɗanda wa'adinsu ke cika a kan kanta, da waɗanda ake sacewa. Reshen da ka ga an rufe yana iya yiwuwa wa'adin hayarsa ne ya ƙare aka ninka masa, wanda ka ga shiru a Ikeja kuma wataƙila ginin nasu ne, ko kuma ofisoshi da otal-otal suna ɗaukar kaya a hannunsa ta ƙofar baya.

Ka kuma lura da lokacin da kake shiga. Cinikin kanti a Legas yana da hawa da sauka kamar ruwan teku. Da hantsi ranar Talata za ka iya samun ma'aikata sun fi masu sayayya yawa, daga la'asar zuwa bayan isha'i kuwa sai wuri ya cika. Daga kusan 25 ga wata zuwa makon farko na sabon wata, lokacin da albashi ke shiga, kwanduna kan yi nauyi, zuwa tsakiyar wata su koma burodi da taliya. Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, da jajiberin azumi da na sallah, da watan Disamba, kowanne yana da irin nasa ciniki, kuma reshen da ke kusa da unguwar Musulmi za ka ga ya tara dabino da sukari da madara tun kafin a ga wata. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya sa mutane da yawa sun daina tsallaka gari don sayayya, sun koma ga reshen da ƙafa za ta kai su. Wannan sauyi kaɗai ya rage wa manyan rassa masu nisa, ya ƙara wa ƙanana na cikin unguwa.

Tambaya ta uku, daga wani mai kantin kayan masarufi a Ijora:

“Ranka ya daɗe, shekara 9 ina riƙe da ɗan shagona, da shi na yi aure, da shi nake aika wa iyayena a Sakkwato. Watanni biyar da suka wuce aka buɗe wani ƙaramin reshe na irin kantunan nan masu rahusa a bakin layinmu. Wasu kayan suna sayarwa a ƙasa da yadda ni nake saro su. Cinikina ya ragu ƙwarai. In tattara in koma gida, ko akwai dabara?”

Amsa: Alhaji, Allah ya warware, ya sa albarka a abin da ya rage. Ba zan ɓoye maka ba, in duk abin da ke shagonka irin kayan katan ɗin da ke nasu ne, kuma a layi ɗaya kuke, to a farashi ba za ka kamo su ba. Su daga masana'anta suke ɗauka da tirela, kai kuwa hannu biyu ko uku kayan ke bi kafin su iso ka. Wasu kayan ma da gangan suke sassauta farashinsu, musamman burodi, don ya jawo mutum ya shigo ya haɗa da wani abu. Kada ka ƙone jarinka wajen bin su a wannan hanya.

Amma kafin ka ɗaure kaya, ka zauna da littafinka ka ware cinikin da ya tafi da wanda ya tsaya. Ina kyautata zaton za ka tarar masu sayen gwangwanin madara babba da katan ɗin taliya ne suka koma can, masu sayen ƙullin sukari da dunƙulen magi biyu da man gyaɗa na awo suna nan tare da kai. Reshen kanti ba ya ɓare leda ya sayar da ɗaiɗai, ba ya buɗewa bayan sallar asuba lokacin da mai shayi ke neman kaya, ba ya jiran direban da ya dawo daga Apapa da tsakar dare, kuma ba ya ba kowa bashi, ko da maƙwabcin shekara ashirin ne. Waɗannan duk naka ne. Sa'an nan akwai kayan da kamfani mai rassa ɗari ba zai damu da su ba, domin ba ko'ina ake nemansu ba, amma a unguwarka kullum ana tambaya: gero, dawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, man shanu, garin kunu, tsamiya, zoɓo. Kana da 'yan'uwa a Sakkwato da motocin da ke gangarowa kowane mako, wannan hanya ce da manajan reshen nan ba shi da ita.

Abubuwa biyu kuma ka koya daga gare su. Na farko, rubuta farashi a jikin kaya, domin mutane da yawa, musamman matasa da waɗanda ba Hausawa ba, suna zuwa can ne don ba sa son a dubi fuskarsu kafin a faɗa musu kuɗi. Na biyu, karɓar kuɗi ta na'urar POS ko ta waya. Wanda ya ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya san yadda ciniki ya gudu daga hannun masu cewa sai tsaba. In kuma akwai masu shaguna irinka huɗu ko biyar da kuka yarda da juna, ku haɗa kuɗin sari ku tunkari babban dila tare, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Game da bashi, shi ne ƙarfinka kuma shi ne ke iya kayar da kai: ka yanka wa kowa iyaka, kada ka bar mutum ya kai tsabarsa reshen kanti ya kawo maka bashinsa. Ka ba kanka watanni shida a kan wannan tsari kafin ka yanke shawarar tafiya.

Tambaya ta huɗu, daga wani dilan kayan gwari a kasuwar Mile 12:

“Malam, ina sauke tumatir da attarugu da albasa daga Kano da Filato. An ce mini in na samu shiga wurin masu manyan kantuna na huta. Yaya ake yi, kuma akwai alheri a ciki?”

Amsa: Alhaji, akwai alheri, amma hutu babu. Kamfani mai rassa ba ya saye a bakin mota kamar yadda ka saba. Zai nemi ka da rajistar kasuwanci ta hukumar yi wa kamfanoni rajista, wato CAC, da asusun banki da sunan kasuwancin, zai so kaya zaɓaɓɓu masu girma ɗaya a cikin akwatunan roba ba kwandon kaba ba, a kan awo na kilo, kuma abin da ya ga ya taɓu zai mayar maka. In za ka niƙa ko ka busar ka ƙulla a leda da suna, to sai da lambar hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, wato NAFDAC. Abin da ya fi kama mutanenmu shi ne biya, domin yawanci ba a hannu ake ba da kuɗi ba, sai bayan wasu makonni, kai kuwa manomin Kadawa da direban mota ba za su jira ka ba. Kada ka sa hannu a takarda sai wanda ya iya karatunta kuma ka amince da shi ya bayyana maka ranar biya da wanda zai ɗauki asarar kayan da suka lalace.

Ka kuma tambaya tun farko ko a sito ɗaya za ka sauke, ko kowane reshe za ka bi da kanka. Daga Mile 12 zuwa Ikorodu ko Ketu abu ne mai sauƙi, amma a ce ka kai Ajah da safe ka kuma kai Abule Egba kafin azahar, da tumatir a bayan mota cikin zafin rana da cunkoso, wannan yana iya cinye ribar gaba ɗaya. Shawarata ka fara da albasa, wadda ke jure kwanaki, da rassa biyu ko uku na kusa da kai, kuma kada ka saki matan da ke saye a hannunka kowace safiya, domin su ne masu biya nan take.

Tambaya ta biyar, daga wata ma'aikaciyar jinya a Obalende:

“Duk sanda na je biya a wani kanti sai mai karɓar kuɗi ta nemi lambar wayata, ta ce za a tara mini maki. Me suke yi da lambar, kuma dole ne in bayar?”

Amsa: Malama, ba dole ba ne, kina da ikon cewa a'a a sayar miki da kayanki. Abin da suke nema shi ne su haɗa rasit da mutum. Na'ura ta riga ta san abin da aka saya da lokacin da aka saya, amma ba ta san ko mutum ɗaya ne ya zo sau goma ko mutum goma ne suka zo sau ɗaiɗai ba sai da lamba. Da ita suke gane wanda ke dawowa da wanda ya daina zuwa, da wanda ke saye a reshen Obalende ranakun aiki ya koma na Ikorodu a ƙarshen mako. In suka ga mutane da yawa suna tasowa daga wata unguwa mai nisa don su yi sayayya, sai su fara neman fili a can, kuma ta haka ne ake zaɓar wurin sababbin rassa da dama. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta wajabta wa mai karɓar bayananki ya gaya miki abin da zai yi da su, ta kuma ba ki damar janye amincewarki. In kantin da kike yawan zuwa ne kuma makin yana komawa rangwame na gaske, babu laifi ki bayar, amma ki tambaya nawa ake kashewa kafin a samu maki ɗaya, da kuma ko makin yana da wa'adin ƙarewa. Lambar sirri ta katin banki da lambar BVN kuwa ba su cikin wannan magana, kada ki faɗa wa kowa su a bakin kanta.